Jinyar Ƙwaƙwalwa da Zane: Yadda Ake Zaunar da Iyali Gaban Takarda Ɗaya

Jinya ta hanyar zane wani reshe ne na kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Ƙwararre yakan ba majinyaci takarda da launuka, ko yumɓu, ko zare da ƙyalle, ya bar shi ya yi abin da ya zo masa, daga baya su duba abin tare su tattauna a kansa. Ba darasin zane ba ne, kuma babu mai auna kyan abin da aka yi. Abin da ake nema shi ne damuwar da ta ƙi fita ta baki ta samu wata ƙofar. Idan aka faɗaɗa zaman ya haɗa da uba da uwa da 'ya'ya, wani lokaci har da kaka ko abokiyar zama, to an shiga jinyar iyali. Tushen wannan jinya shi ne sanin cewa ciwon ƙwaƙwalwa mutum ɗaya yake kamawa, amma gida ne yake ɗaukarsa.

Wani mai zane ɗan Ingila, Adrian Hill, shi ne ya raɗa wa wannan aiki suna a shekarar 1942. Tarin fuka ne ya kwantar da shi a asibiti, ya ga yadda zane ya rage masa nauyin doguwar jinya, sai ya fara jawo sauran majinyata ciki. A Amurka kuma Margaret Naumburg da Edith Kramer suka ɗora aikin a kan ilimin halayyar ɗan Adam. An kafa ƙungiyar masu wannan sana'a a Birtaniya a 1964, ta Amurka kuma a 1969. Yau a Birtaniya doka ba ta yarda mutum ya kira kansa mai jinya da zane ba sai ya yi karatun digiri na biyu a fannin, ya kuma yi rajista da hukuma.

Shigar da iyali cikin zaman kuwa aikin wata mata ce, Hanna Kwiatkowska, mai sassaƙa 'yar asalin ƙasar Folan. Daga 1958 ta yi aiki a cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka da ke Bethesda, a sashen da ake nazarin iyalan masu ciwon sikizofiriniya, wato ciwon da ke sa mutum jin muryoyin da babu su da zargin da ba shi da tushe. Ta lura cewa idan dangin majinyaci suka ɗauki alli mai launi suka shiga zanen, abubuwa kan bayyana waɗanda ba sa fitowa a hirar likita. Daga nan ta tsara hanyar da ake bi, ta kuma rubuta ta a littafi a 1978.

Nijeriya tana da nata tarihin a ɓangarorin biyu, na zane da na iyali, ko da yake a lokacin ba a haɗa su wuri guda ba. A farkon shekarun 1950 Ulli Beier, Bajamushen da ya zauna a ƙasar Yarabawa, ya riƙa kai takarda da fenti ga mutanen da ake tsare da su a gidan masu taɓin hankali na Lantoro a Abeokuta, kuma wasu daga cikinsu sun yi zane-zanen da daga baya aka buga a littafi. A garin dai, a 1954, Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro. Maimakon a kulle majinyaci a ɗakin asibiti, sai a sama masa masauki a ƙauyukan da ke kewaye, da sharaɗin wani daga danginsa ya zo ya zauna da shi, yana yi masa girki yana raka shi wurin magani. Tsarin ya yi suna a duniya, kuma Lambo ya kai matsayin mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Darasin Aro har yanzu yana nan: a wannan ƙasa majinyaci ba ya zuwa asibiti shi kaɗai, kuma wanda ya raka shi yana da hannu a warakarsa.

Yadda zaman yake gudana

A tsarin Kwiatkowska iyali sukan taru a ɗaki guda na kusan sa'a biyu, kowa da takardarsa, a nemi su yi zane shida bi da bi. Na farko kowa ya zana abin da ya ga dama. Na biyu hoton iyalinsa. Na uku iyalin dai, amma ba da siffar mutane ba, sai da launi da layi da alama. Na huɗu mutum ya yi kwarkwaɗe a takarda ba tare da tunani ba, sannan ya duba ya fitar da wani abu daga ciki. Na biyar su zaɓi kwarkwaɗen mutum ɗaya su kammala shi tare. Na shida kowa ya sake zana abin da ya ga dama, domin a ga yadda zaman ya bar shi. Kowane zane akan ba shi suna, mai shi ya sa hannu.

Helen Landgarten, wadda ta yi aiki a Los Angeles ta kuma fitar da nata littafin a 1987, ta kawo wata dabara mai sauƙi. Kowa a gidan zai zaɓi launi ɗaya, ba zai sauya shi ba har a tashi. Za a fara da raba su gida biyu su yi zane ba magana, sannan duka iyalin su yi zane ɗaya a babbar takarda ba magana, a ƙarshe su sake yin wani suna magana. Da yake kowa da launinsa, idan an gama takardar kanta takan nuna wanda ya fara, wanda ya cinye fili, wanda ya maƙale a lungu, wanda ya bi ya zana a kan na wani, da wanda ya yi ta cike giɓin da sauran suka bari.

A ɗauka wani gida ne aka kawo saurayinsu asibiti saboda shaye-shaye. A bakin kowa matsalar ɗaya ce: yaron ya lalace. Da aka shimfiɗa takarda sai launin uba ya mamaye tsakiya, launin uwa ya tsaya yana zagaye na yaron, ƙanwarsa mai shekara 12 kuma ta yi ɗan ƙaramin abu a can ƙarshen takarda ta ajiye alli. Mai jinya ba zai yanke hukunci a kan ko ɗaya ba. Zai juya ga maigidan da ladabi ya ce, "Baba, me ka gani a wannan takarda?" Ya tambayi uwar, "Mama, wannan da kika zagaye fa?" Ya kuma ba yarinyar dama ta faɗi abin da ta zana. Mai yiwuwa a ranar ce iyayen za su fara gane cewa tun da hankalin gida ya koma kan ɗan'uwanta babu wanda ya tambaye ta yadda take kwana.

Ya kamata a tsaya a kan wannan, domin a nan masu ƙaramin sani suke yin ɓarna. Mai jinya da zane ba mai duba ba ne da zai kalli takarda ya karanto asirin mutum. Baƙin launi ba lallai ne ya nuna baƙin ciki ba, wataƙila shi kaɗai ya rage a gwangwani. Yaron da ya bar mahaifinsa a waje wataƙila mahaifin direba ne da ke kwana a hanya. Akwai gwaje-gwajen zane da masana suka ƙirƙira, kamar na Burns da Kaufman na 1970 inda ake cewa yaro ya zana kowa a gidansu yana wani aiki, amma ko su ba a dogara da su kaɗai wajen tantance ciwo. Ma'anar zane tana wurin wanda ya yi shi, aikin ƙwararre shi ne ya yi tambayar da za ta sa mai zanen ya faɗe ta.

Dacewarsa da gidan Bahaushe

Jinyar ƙwaƙwalwa ta zamani ta dogara ƙwarai da magana, gidan Bahaushe kuwa yana da ƙa'idojin da suka tsara wanda zai yi magana, da gaban wa, da kuma a kan me. Uwa tana jin nauyin ɗan fari, wata ko sunansa ba ta kamawa. Mace ba ta faɗin laifin miji a gaban baƙo. Ɗa ba ya haɗa ido da uba, balle ya ce masa ga inda ya cuce shi. Tsakanin surukai akwai kunyar da takan hana ko cin abinci wuri ɗaya. Waɗannan ɗabi'u ne masu daraja, su suka riƙe zumunci, amma a ɗakin likita sukan zama shinge. Za a tambayi mace yadda gida yake, ta ce lafiya lau, alhamdu lillahi, alhali rabonta da barcin kirki an yi watanni. Maigida ne zai amsa tambayar da aka yi wa kowa, sauran su gyaɗa kai.

Zane ba ya neman a karya kunya. Yarinya za ta iya nuna takarda ta ce wannan gidan ba shi da ƙofa, ba tare da ta ce an takura mata ba. Idon kowa yana kan takardar, ba a kan fuskar wani ba, kuma magana a kan abin da ke shimfiɗe a tsakiya ta fi sauƙi a kan magana fuska da fuska. Ga ƙananan yara kuwa, waɗanda ba su da kalmomin bayyana firgici, hannu ya riga baki iya bayani. Akwai kuma amfanin daidaito: a zaman da kowa yake da launi ɗaya, na ɗan shekara 6 yana fitowa a takarda kamar yadda na maigida yake fitowa.

Tambayar da Musulmi da yawa za su fara yi ita ce hukuncin zana abu mai rai. Tambaya ce ta gaskiya, akwai hadisai a kan yin surori, kuma malamai suna da bayanai mabambanta a kan iyakar hanin. Bai dace mai jinya ya ture ta gefe ba, bai kuma dace ya mai da kansa mai ba da fatawa ba. Abin farin ciki shi ne aikin ba ya tsayawa don an bar siffar mutum. Zane na uku a tsarin Kwiatkowska dama babu mutum a cikinsa. Ana iya wakiltar mutanen gida da bishiyoyi, ko ɗakunan da ke cikin gida, ko duwatsu manya da ƙanana da za a jera a tabarma, a ga wanda aka ajiye kusa da wanda aka ajiye nesa. Taswirar gida kaɗai, da zaure da tsakar gida da madafa da ɗakin kowace mace, ta isa ta buɗe hirar sa'a guda a gidan da ake zaman kishi.

Haka kuma ba dole sai an sayo fentin kanti ba. Ƙasar Hausa cike take da aikin hannu mai zane: ɗinkin hula, saƙar faifai, zanen ƙwarya, ƙunshin lalle, adon bangon gidajen Zariya da Kano, zayyanar allon sauka, rinin Ƙofar Mata. Dattijon da zai ga alli mai launi a matsayin wasan yara ba zai raina zayyana ba. Matar da ba ta taɓa riƙe fensir ba ta iya sarrafa kaba da zare. Yankin Abuja shi ma gidan ginin tukwane ne. Ladi Kwali, wadda hotonta yake jikin naira 20, 'yar garin Kwali ce, ta shiga cibiyar koyon tukwane ta tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954, kuma har yanzu matan Ushafa da ke yankin Bwari suna wannan sana'a. Yumɓu yana da wani amfani na musamman a jinya: ana matsa shi, a buga shi, a rushe abin da aka gina a sake ginawa, abin da ke taimaka wa mai fushin da ya rasa inda zai sauke shi.

Halin da ake ciki a Abuja

Abuja gari ne na baƙi. Tun da gwamnatin tarayya ta koma cikinta a Disambar 1991 mutane suke kwararowa, akasarinsu sun baro dangi a nesa. Ma'aikacin da ke zaune a Kubwa ko Lugbe ko Nyanya yana fita da asuba ya dawo bayan isha, kuma babu kawu ko gwaggon da za ta lura cewa yaro ya sauya. Kan wannan aka ɗora raunukan da garin ya gani: harin ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a Agustan 2011, bam ɗin tashar motar Nyanya na 14 ga Afrilun 2014 wanda ya kashe fiye da mutum 70, da harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris 2022, inda wasu fasinjojin suka shafe sama da wata shida a hannun waɗanda suka sace su. Wanda ya dawo daga irin wannan hali yakan dawo gidan da shi ma ya jigata, an sayar da kadara, an ci bashi, yara sun ga kukan manya.

Akwai kuma 'yan gudun hijira a Durumi da New Kuchingoro da Wassa, da yawansu daga yankin Gwoza na jihar Borno, waɗanda suka fara isowa wajen 2014. An haifi yara a waɗannan matsugunai da ba su taɓa ganin garin iyayensu ba, amma suna girma cikin shirun iyayen da suka ga abin da ba sa iya faɗa. An san ƙarfin zanen yaran da suka tsere wa yaƙi. Zane-zane kusan 500 da yaran Darfur suka yi a sansanonin gabashin Chadi sun kai har kotun hukunta manyan laifuka ta duniya, wadda ta karɓe su a 2007 a matsayin shaidar yanayin da aka shiga. Sai dai tattara zanen yara domin nuna wa duniya daban, jinya daban. Jinya tana buƙatar a zauna da yaron da uwarsa, a dawo mako bayan mako.

An riga an gwada wani ɓangare na wannan aiki a birnin. Shirin sauya tunanin fursunonin da ake zargi da ta'addanci, wanda aka gudanar a gidan yarin Kuje a tsakiyar shekarun 2010, ya haɗa da jinya da zane tare da wa'azi da wasanni da koyon sana'a. Dakta Fatima Akilu, masaniyar halayyar ɗan Adam da ta jagoranci shirin yaƙi da tsattsauran ra'ayi a ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, daga baya ta kafa Gidauniyar Neem mai hedikwata a Abuja, wadda ke kai masu ba da shawara unguwa-unguwa a Borno. Ana duba masu ciwon ƙwaƙwalwa a Babban Asibitin Ƙasa da asibitin koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada da asibitin gwamnati na Karu. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya, irin na Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da na Maiduguri, suna kusa da mutanen Arewa, kuma a irin waɗannan asibitoci an saba da sashen da majinyata ke yin sana'ar hannu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne shigar da dangi cikin wannan aikin hannu da niyyar jinya, ƙarƙashin wanda ya san abin da yake yi.

Ƙarancin ma'aikata shi ne babban cikas. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga al'umma sama da miliyan 200. Binciken shaye-shaye na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi. Inda asibiti ya gaza, iyalai sukan kai 'ya'yansu gidajen mari, kuma samamen da 'yan sanda suka kai wani gida a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019, inda aka fito da mutane sama da 300, ya nuna abin da hakan kan jawo. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can yawancinsu neman mafita suke yi, ba su samu wanda zai zaunar da su ya saurare su ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙoƙin majinyata ta kuma buɗe hanyar kula da su a cikin al'umma.

Abin da bincike ya nuna, da inda ake taka-tsantsan

A Nuwambar 2019 ofishin Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fitar da rahoton da ya waiwayi bincike sama da 3,000, ya kuma kammala cewa fasahohi irin su zane da kiɗa da rawa suna da rawar takawa wajen kare lafiya da jinya. Wani ƙaramin gwaji a Jami'ar Drexel ta Amurka a 2016 ya auna mutum 39 kafin da bayan minti 45 na aikin zane, aka ga sinadarin kotisol, wanda jiki ke saki lokacin tashin hankali, ya ragu a kusan kashi 75 cikin 100 nasu. A ɗaya gefen kuma, wani babban gwaji a Birtaniya da aka buga sakamakonsa a 2012, mai majinyata 417 masu sikizofiriniya, bai ga wani bambanci ba bayan shekara biyu tsakanin waɗanda aka tura zaman zane na rukuni da waɗanda aka bari a kan kulawar da aka saba, kuma da yawa daga cikinsu ba su riƙa halartar zaman ba. Adalcin magana shi ne jinya da zane mataimakiya ce. Tana da amfani wajen buɗe magana da rage damuwa da gyara zaman gida, amma ba ta maye gurbin maganin likita. Wanda ciwo ya taso masa har ba ya barci, yana jin muryoyi, ko yana maganar kashe kansa, asibiti yake buƙata a ranar, zane ya biyo baya. Addu'a da ruƙya ma ba sa karo da wannan aiki muddin ba su hana zuwa asibiti da shan magani ba.

Akwai haɗarin da ya keɓanci zaman iyali. Idan a gida ake dukan mace ko ake cin zarafin yaro, tara kowa a ɗaki guda na iya sa yaron ya zana abin da zai jawo masa azaba da daddare. Saboda haka ƙwararre yakan ga kowa shi kaɗai tukuna kafin ya yanke shawarar haɗa su. Idan ya ga alamar cutarwa, kare wanda ake cutarwa shi ne kan gaba, kuma a Abuja dokar haƙƙin yara ta 2003 da dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 duk suna aiki. Haka nan ba a matsa wa wanda ya tsira daga hari ya zana abin da ya gani. Akan fara da abin da ke kwantar da hankali, gonarsu ko kasuwar garinsu, a bar shi ya kusanci abin da ke ci masa rai a lokacin da ya shirya. Zanen kuma sirrin majinyaci ne kamar katinsa na asibiti. Ɗaukar hotonsa a watsa a Facebook domin neman tallafi, ba da yardar mai shi ba, cin amana ne.

Kayan wannan aiki ba su da tsada, horon ma'aikaci ne mai tsada. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta daɗe tana yaye masu zane, jami'o'in Arewa da ta Abuja suna yaye ma'aikatan jinya da na walwalar jama'a, kuma daga cikin waɗannan za a iya samun waɗanda za a ba ƙarin horo su yi aiki ƙarƙashin kulawar likitocin ƙwaƙwalwa. Nauyin tsara wannan yana wuyan Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da hukumar lafiya ta Babban Birnin Tarayya da jami'o'in. Iyalin da ke da majinyaci kuwa, idan an je asibiti, su tambayi likita ko akwai zaman da ake haɗa 'yan gida, kuma in akwai, maigida ya halarta da kansa.